Rabaran Garside Ya Janye Maganarsa

Thornbeck, 20 ga Oktoba, 1817

Ƙanena Barnaby,

Gaisuwa mai yawa daga gidan da ka bari. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, kai da Lettice da abin da ke cikinta. Ka ce mata in ji ni ta daina ɗaukar itace, tana da miji ko da malalaci ne. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar nan. Baba yana cin abinci, yana hawa mumbari, yana shiga aji, sai dai yanar idon ta ci gaba. Yanzu sai da gilashin ƙara girman rubutu yake karatu, shi ma sai baƙaƙe masu kauri. Shekaranjiya ya gai da rigar da na rataya a bayan ƙofa, har ya tambaye ta lafiyar mijinta.

Sau uku ina ɗaukar alƙalamin nan ina ajiyewa, amma gara ka ji daga gare ni kafin jarida ta kai maka. Ranar Lahadin da ta wuce Baba ya janye ƙasidarsa, a kan mumbari, a gaban gari duka.

Tun da yunwar bana ta kama, mutane suka tono ƙasidar da ya rubuta shekara shida da suka wuce, lokacin da Sir Hugh Dallimore ya kewaye makiyayar gari da shinge ya haɗa ta da gonarsa. Har a mashaya ake karanta ta, wanda ya iya karatu ya hau kan benci, saura su kasa kunne. Ni da na kwafe ta sau biyu da hannuna kafin a kai wa mai ɗab'i, na haddace ta kamar Addu'ar Ubangiji. A zuciyata ina ta murna, ina cewa ashe maganar Baba ba ta mutu ba.

Da ya gama wa'azi sai ya zaro wata takarda daga aljihu, ya kara gilashi, ya karanta cewa shi Enoch Garside, limamin Thornbeck kuma shugaban makarantarta, ya yi kuskure. Wai shingen yana kan doka, wai shi ya tunzura jahilai, wai yana neman afuwar Sir Hugh. Shi kuwa Sir Hugh yana kujerarsa ta gaba yana gyara safar hannu. Ka tuna Dorcas Tull, gwauruwar nan da ta sayar da saniyarta don ta rasa wurin kiwo? Ita ta miƙe daga baya ta ce, "Rabaran, ɗaga murya, mu talakawa na baya ba mu ji ba." Na ɗauka zai yi shiru. Ya ɗaga muryar, Barnaby, ya maimaita daga farko har ƙarshe. Amos maƙeri ya ɗauki hularsa ya fita, maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

A gida na ajiye masa abinci na tsaya a kansa. Na ce, "Baba, mene ne wannan ka yi mana?" Ya ce, "Miƙo mini gishiri, Keziah." Iyakar abin da na samu ke nan har yau.

Gari kuwa ya samu abin taunawa, ko'ina sai ka ji Rabaran ya yi amai ya lashe. An cire yara bakwai daga makaranta. Ranar Laraba na tarar da matacciyar dinya rataye a ƙyauren gidanmu. Na binne ta kafin ya fito, ko da yake da na bar ta ma ba zai gani ba. Kunya nake ji, kuma haushinsa nake ji, ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Yayarka,
Keziah

*

Halifax, 8 ga Disamba, 1817

Yaya Keziah,

Muna lafiya, muna gai da ke. Lettice ta yi nauyi, ungozoma ta ce sai wajen ƙarshen Fabrairu. Ta ce ta ji saƙonki, kuma ta yarda da abin da kika faɗa a kan mijin. Sanyi ya sauka, aiki a tashar jiragen ruwa ya yi sauƙi don jirage sun ragu. Ki shafa wa gwiwar nan man da Goggo Hester take ba ki, ki daina taurin kai.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune, ban gane ba. Kin riga jarida da kwana biyu kawai. Akwai wani Murdo da muke tebur ɗaya a ofishin kwastan, wanda na ishe shi da labarin Baba, har na taɓa karanta masa ƙasidar daga bango zuwa bango. Shi ya turo mini jaridar gabana ya ce, "Garside, zakin gidanku da kake ba mu labari, ga shi nan yana lasar kwano." Da a ce ƙarya ya yi, da na fasa masa baki. Na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu.

Wannan mutumin ne fa ya zane ni ina ɗan shekara tara, ba don na fasa tagar aji ba, sai don na ce iska ce. Shi ne ya ƙi babbar coci a birni da bishop, shugaban limamai, ya ce ya yi shiru a ba shi. Uwarmu ta mutu a gidan nan mai yoyo saboda ya ƙi lanƙwasa, kuma ba ta taɓa yi masa gori ba. To yanzu da ya tsufa, me aka nuna masa? Kurkuku aka ce? Ko cocin da ya ƙi ce ta dawo masa a mafarki?

Ba zan rubuta masa yanzu ba, don abin da ke bakin alƙalamina ba na ɗa ba ne. Zan jira Lettice ta sauka, ko zuciyata ta huce. Idan ba ta huce ba, zai ji ni.

Ƙanenki,
Barnaby

*

Thornbeck, 14 ga Janairu, 1818

Barnaby,

Ina gaishe ku, ina fatan Lettice tana samun barci. Ban ga amsarka ba tukuna, an ce jiragen wasiƙu suna makara saboda ƙanƙara. Baba ya rame. Tari yake yi tun Kirsimeti, amma kullum sai ya shiga aji, yana koya wa yara biyar da suka rage harshen Latin da muryar da yake koya wa arba'in.

Ka manta da duk abin da na faɗa a kansa a wasiƙar Oktoba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, ni ce ban tsaya na tambaya da kyau ba.

Jiya ya aike ni akwatin teburinsa in nemo masa wani tsohon wa'azi. A ƙarƙashin wa'azin na ga takarda da hatimin Sir Hugh, ta watan Satumba. Layi huɗu ne kacal. Sir Hugh zai tsaya takarar majalisa, ba ya son ana karanta ƙasidar a mashaya. Ya tuna wa Baba cewa surukinsa ne yanzu yake da ta cewa a kan wanda zai zauna da wanda za a sallama a tasharku, kuma ya ji an ce matar ɗan Rabaran tana da ciki.

Na kai masa takardar har gaban murhu. Ya shafa hatimin da yatsa ya gane ta. Ya ce, "Wa'azi na aike ki."

Na ce, "Don Barnaby ka yi?"

Ya ce, "Kada ki kuskura ki faɗa masa. Na san ɗana, zai jefa musu aikinsu a fuska, ya ɗauko mace mai ciki ya hau teku cikin hunturu. In ya zo ya ci me? Ƙasida?"

Na ce, "To mutanen gari fa? Suna tofar da yawu in ka wuce."

Ya ce, "Suna da gaskiya, na bar su a lokacin da suka fi buƙatata. Na auna, Keziah, na kwana bakwai ina aunawa. Makiyaya ta riga ta tafi, ko na janye ko ban janye ba. Yaron bai tafi ba tukuna." Sai ya juya fuskarsa ga wuta, ni kuma na fita don ya samu ya yi kukansa.

Ga shi na saɓa masa na faɗa maka, don na san halinka, kai da shi ba a san wanda ya fi wani zafin kai ba. Ka riƙe aikinka, ka riƙe bakinka. Ka rubuto masa 'yan layuka masu daɗi da manyan baƙaƙe. Duk ranar da mai wasiƙu ya busa ƙaho a kan tudu, sai ya ce in leƙa ko akwai ta Halifax.

Keziah

*

Halifax, 9 ga Maris, 1818

Zuwa ga Rabaran Enoch Garside,

Ina fatan kana lafiya. Lettice ta sauka ranar biyu ga wata, an samu namiji, ita da shi suna lafiya.

Na jira wata uku ko zan huce, ban huce ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ka karanta da idonka, kada ka ce wani ya ƙara gishiri. Kai ka koya mini cewa mutum ba shi da abin da ya fi maganarsa. Na yarda da kai fiye da yadda na yarda da duk wani mai rai. Na ɗauki sunanka na ƙetare teku da shi ina taƙama, yau in an kira ni Garside sai in duba ko dariya ake yi. Dorcas Tull ta rasa saniya, amma ta fi ka, don ita ƙwace mata aka yi, kai kuwa da hannunka ka miƙa. Da ka mutu bara, da na yi kuka irin na ɗan da ya rasa uba. Yanzu ban san irin kukan da zan yi ba.

Tun ranar da Lettice ta faɗa mini tana da ciki na ce in namiji ne sunansa Enoch. Na fasa. Ba zan ɗora wa jariri sunan da mai shi ya yar a kan mumbari ba.

Barnaby Garside

Baba, juya takardar gefe, ga sauran magana na rubuta a gicciye a kan ta farko. Ka gafarta tawadar, ta daskare a kwalba, na tsinka ta da ruwan zafi, shi ya sa ta yi fari.

Na gama wancan rubutu da safe, na naɗe, saura hatimi. Da tsakar rana aka kawo wasiƙar Yaya Keziah ta watan Janairu, wadda ƙanƙara ta tsare. Na san komai yanzu. Kada ka yi mata faɗa. Ƙarfe huɗu za a rufe jakar wasiƙun jirgi, cikin gaggawa nake rubutu.

Ina da farar takarda a gabana, zan iya yaga wannan ka rasa sanin an yi ta. Amma a ajinka ba a yaga shafi, ba a kankare kuskure. Ka ce mana a bar shi inda yake a rubuta gyara a kansa, malami ya ga duka biyun, don wanda ya ɓoye wautarsa zai maimaita ta. To ga wautata, Baba, ga gyaranta. Ka ga irin jakin da ka sayar da sunanka dominsa. Ban cancanta ba, kuma ban san yadda ake gode wa irin wannan ba. Ka yafe mini. Ban taɓa alfahari da kai kamar yau ba.

Ranar Lahadi za a yi wa yaron baftisma. Sunansa Enoch. Yana da goshinka, kuma in ya fara ihu ba ya janyewa.

Ɗanka,
Barni

*

Halifax, 22 ga Yuni, 1818

Yaya Keziah,

Muna lafiya. Enoch ya fara dariya, Lettice tana gai da ke. Yaya tarin Baba? Yaya gwiwa?

Jirage uku sun shigo tun Afrilu, kowanne na je bakin tasha da kaina, babu ko layi ɗaya daga Thornbeck. Na san na cancanci shiru, amma ya isa haka. Me Baba ya ce da ya karanta abin da na rubuta a gicciye? Ya yi dariyar maganar goshin? Ko har yanzu zafin layukan farko bai sake shi ba? Wasiƙarki ta Janairu ba ta iso ba sai ranar da na gama su, na bayyana masa wannan a cikin gyaran. In tawadar ta yi masa fari da yawa, na san ke kika karanta masa, to ki faɗa mini yadda fuskarsa ta yi.

Na yanke shawara. Ba zan ci gaba da cin abinci da sunan Baba ba. In kaka ta yi zan ajiye aikin, mu dawo gida, in tsaya a ƙofar coci in karanta wa gari takardar Sir Hugh, Dorcas da Amos su ji da kunnensu. Ki ajiye mini ita da kyau. Ki rubuto, ko zagi ne.

Barnaby

*

Thornbeck, 3 ga Agusta, 1818

Ƙanena,

Ina gaishe ku, kai da Lettice da yaron. Ni ina nan da rai. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Baba ya rasu ranar sha tara ga Mayu, da hantsi, tarin ne ya sauka masa a ƙirji. Ban rubuto maka ba don na rantse ba zan ƙara rubuta sunanka a bayan takarda ba. Yanzu zan faɗa maka dalili, kuma ba kai kaɗai za ka ɗauki kayan nan ba.

Wasiƙarka ta iso ƙarshen Afrilu. Da na ce masa ta Halifax ce, sai da ya sa na kawo masa rigarsa ta coci ya saka kafin ya karɓa. Na ce in karanta masa, ya ce a'a, hannun ɗansa zai gani da idonsa. Ya zauna bakin taga da gilashinsa yana bin baƙaƙen ɗaya ɗaya, kuma ka san ba ya iya karatu a zuci, sai leɓɓansa sun furta. Ina kicin ina jin kowace kalma. Na ji Dorcas da saniyarta, na ji "da ka mutu bara", na ji "na fasa". Da ya kai sunanka sai ya ajiye gilashin. Can ya ce, "Babu kuskure ko ɗaya a ciki, Keziah. Na koyar da shi da kyau." Ya kulle ta a teburinsa. Ni kuwa na ɗauka ka samu wasiƙata ta Janairu, ka san komai, kuma duk da haka ka rubuto wannan. Na tsane ka, Barnaby, wata uku cur.

Mutum tara ne a wurin jana'iza, har da mai haƙa kabari. Sir Hugh ya aiko da karusarsa babu kowa a ciki, ta bi akwatin gawa har ƙofar maƙabarta kamar yadda manya suke yi, dawakan suna ta kaɗa kai. Amos bai zo ba. Dorcas ta zo ta tsaya jikin katanga. Na ce mata, "Kin zo ki tabbatar ne?" Ta ce, "Shi ya koya wa 'ya'yana uku karatu bai karɓi ko ƙwai ba. Wannan ni ban janye ba." Jaridar lardi ta ba shi layi biyu, wai limami mai tada zaune tsaye wanda ya gane kuskurensa kafin ya mutu. Manya suna tuna shi da ƙasidar, talakawa suna tuna shi da janyewar, kowa ya riƙe rabin da ya tsana.

Ba za ka ajiye aikin nan ba. Na ƙona takardar Sir Hugh jiya, da hannuna, don na san ka. Abu ɗaya Baba ya saya da sunansa, shi ne tuwon yaron da ke kan cinyar Lettice, in ka zubar da shi ka mai da shi wanda ya yi asara sau biyu. Sabon limami zai karɓi gida ƙarshen Satumba, zan koma wurin Goggo Hester, can za ka riƙa rubuto mini.

Sai da wasiƙarka ta Yuni ta zo na ji maganar rubutun gicciye. Na nemo mabuɗi na buɗe teburin, inda aka mayar da wasiƙar bayan rasuwarsa, na kai takardar bakin taga na juya ta gefe. Ga shi nan duka, fari kamar ruwan shayi, har goshin yaron. Idona lafiyayye ne, amma sai da na karkata ta ga rana kafin na gani. Shi bai karanta ba, Barni. Bai san ka sani ba, bai san sunan jikansa ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni barci. Kwana uku kafin ya rasu, yana kwance, ya sa na ɗauko masa akwatin teburin, ya ciro wasiƙar ya riƙe. Na shigo da kwanon ruwa zan wuce, sai ya ɗaga ta ya ce, "Keziah, zo ki duba mini. Kamar ina ganin wata inuwa a ƙarƙashin rubutun yaron nan. Ko ya gicciya wani abu?" Muryarsa irin ta mai roƙo ce, ban taɓa jin ta haka ba. Ni kuma zuciyata cike take da kai, na yi alkawari hannuna ba zai taɓa takardar nan ba. Daga bakin ƙofa na ce, "Babu komai, Baba, ruwan teku ne ya taɓa ta." Ya riƙe ta a sama kaɗan, yana jira ko zan matso. Sannan ya ce, "To." Ya naɗe ta ya sa a ƙarƙashin matashi.

Kai kana da teku da ƙanƙara da za ka ɗora wa laifi. Ni taku huɗu ne tsakanina da hannunsa.

Yayarka,
Keziah